Lado Ya Nemi Aiki a Lahira

A zamanin En'e, lokacin da ko ɗan aiken hakimi in ya yi tari sai kasuwa ta yi tsit, an yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, ana ce masa Lado. Yana da gona mai kyau a bayan gari, amma ciyawa ta fi shi sanin hanyarta. Kullum yana ƙofar gidan Dagaci Daudu, ya naɗa rawani ya harɗe, wai sarauta yake jira. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Mulki. Ba a dai ba ni ba tukuna."

Ba abin da bai nema ba. Ya nemi Sarkin Kasuwa, ya nemi Sarkin Zango, har Sarkin Aska ya nema, alhali in ya ɗauki aska kowa dafe kunnensa yake ya gudu. Amsar dagaci kuwa ba ta canzawa: "Lado, je ka dawo gobe."

Ana nan sai wani tsoho mai gyaran rijiyar gari ya rasu. Wurin zaman makoki dagaci ya share hawaye da bakin rawani, ya ce, "Allah Sarki! Niyyata fa in naɗa shi Sarkin Kasuwa bayan kaka, sai ga shi ajali ya riga ni."

Lado ya yi zumbur ya miƙe, ko addu'a bai tsaya shafawa ba. Ya faɗa gida da takalmi ƙafa ɗaya, yana kiran matarsa.

"Dela! Dela! Na gano mutumin nan! Ashe ba ya ba da sarauta sai ga gawa!"

Dela tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To, sai ka mutu, Malam."

"Abin da zan yi ke nan!"

Ya tsuguna gabanta ya zayyana mata shirin. Zai sha maganin barci ya sanƙame, ita kuma ta tsala ihu. Dagaci zai zo, ya faɗi a gaban jama'a cewa da niyyarsa ya naɗa Lado Sarkin Kasuwa. Yana rufe baki sai Lado ya yi atishawa ya tashi zaune, ya ce, "Ranka ya daɗe, na dawo, na kuma karɓa."

Dela ta ajiye rariya. "In suka yi saurin binne ka fa? Ka san Liman ba ya barin gawa ta huce."

"Aikinki ke nan. Ki baje a bakin ƙofa, ki ce ba mai taɓa ni sai dagaci ya faɗi alherina."

"In ya rasa abin faɗi fa?"

"Ke dai ba ki san darajar mijinki ba. Sai an roƙe shi ya yi shiru."

Washegari ya tafi wurin Kawu wanzami, ya kumbura kunci ya ce haƙori ya hana shi runtsawa. Kawu ya ba shi wani jiƙon saiwoyi a ɗan gora, ya ce, "Kurɓa ɗaya, Lado. Wannan shi nake ɗura wa jaki in za a yi masa ɗori."

Lado ya ce, "Kurɓa ɗaya ai ta talakawa ce."

"Me ka ce?"

"Na ce na gode."

Ya biya kasuwa sayen likkafani. Mai yadi ya miƙo masa akoko, ya ture shi. "Sarkin Kasuwa zai tashi a gaban jama'a cikin akoko? Miƙo alawayyo, fari tas."

Da la'asar ya shige ɗaki, ya naɗe jikinsa da alawayyo tun daga wuya har idon sawu, ya kafa kai ya shanye goran nan ƙaf. Ya kwanta a tabarma, ya miƙe ƙafa, ya rufe ido. Barci bai zo ba, sai cikinsa ne ya soma ƙugi kamar hadarin gabas. Ya daure, ya daure, ya ga lallai in bai tashi ba za a sami gawa cikin halin da ba za a naɗa ta komai ba. Ya sulale ta ƙofar baya ya zagaya daji.

A hanyar dawowa maganin ya kama shi. Ƙafafu suka ƙi, ƙasa ta soma juyawa. Ya hangi amalanke a gindin tsamiya, an loda mata harawa, ya ce bari ya ɗan jingina. Ya hau, ya nutse cikin harawar, shi ke nan.

Amalanken ta wani makiyayi ce mai suna Hamma, zai kai harawa sansanin da ake yi wa shanu allurar rigakafin ciwon bushiya a dajin hanyar Kazaure. Ya idar da sallarsa, ya ƙara labta harawa a sama, ya ɗaure da igiya tamau, ya kora shanunsa ya yi gaba.

A gida kuwa, da Dela ta ji ɗaki ya yi shiru, sai ta ɗora hannu a ka ta tsala ihu. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika. Ta baje a bakin ƙofa kamar yadda aka yi da ita, ta ce ba mai shiga sai dagaci ya faɗi alherin mijinta. Dagaci ya zo, ya tsaya, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya shafa gemu har mutane suka soma gyara tsayuwa. Can ya ce, "Allah ya jiƙan Lado. Ya iya zama."

Dela ta jira ƙari, ba ƙari. Liman ya tsallake ta ya leƙa ɗaki, ya fito. "Ina gawar?"

Dela ta leƙa. Tabarma, gora, ba Lado. Ta ce, "Yanzun nan fa tana nan!"

Kawu ya ɗauki goran ya sunsuna, ya kife shi, ko ɗigo. Ya ce, "Duka ya shanye? Jama'a, ku bazu nema. Duk inda yake, ko sunansa bai sani ba."

Hamma ya kwana a hanya. Washegari hantsi ya dubi sansani lokacin da ya kwance igiya ya tuntsurar da kaya. Sai ga abu fari dogo ya mirgino daga cikin harawa, ya tsaya a ƙafafunsa. Hamma ya yi tsalle baya yana salati.

Lado ya buɗe ido. Fili ne iya ganinsa, ba gida ko ɗaya. Hayaƙi yana tashi, shanu sun cika ko'ina kamar an zazzage su daga sama, kowace tana kuka. Wasu mutane masu fararen riguna suna riƙe da allurai manya, ana tura shanun ɗaya bayan ɗaya cikin wani siririn lungu na gumagumai. Wani yana busa usur ba ƙaƙƙautawa. Lado ya dubi jikinsa, ya ga likkafani.

Ya ce, "Dela ta cuce ni. Ta bari sun binne ni."

Ya fashe da kuka. Yana cikin yi ya ɗaga kai ya ga Hamma.

"Hamma! Kai ma? Yaushe? Me ya yi ajalinka?"

Hamma mutum ne mai son raha. Ya dubi likkafanin, ya dubi jajayen idanun Lado, ya gane lallai akwai abin da ya sha. Ya gyara murya ya ce, "Abin da ya kawo ka shi ya kawo ni. Tare muka iso."

"Allah Sarki! To, me ya tara shanu haka?"

"Da su aka fara. Mutane sai an gama da su."

"Wancan mai farar riga da tabarau fa?"

"Malam Lawal ke nan. Shi ne babban wurin."

Lado ya share hawaye. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ga mutane ba su taka kara sun karya ba. Sai fuskarsa ta washe.

"Hamma! Ka san me na gani? Jama'a ba su iso ba tukuna! Duk muƙaman nan ba kowa a kai! A duniya an riga ni, a nan kuwa na yi sammako!"

Ya tattare likkafani ya nufi Malam Lawal, malamin dabbobi, yana tafiya yana harɗewa. Ya zube gabansa.

"Ranka ya daɗe! Au, afuwa, nan ba a faɗin haka ko? To, mutuwarka ta daɗe!"

Malam Lawal yana fama da wata saniya mai harbi, bai ko ji sosai ba. "Me kake so?"

"Aiki. Na shugabanci."

"Je wurin heluma."

Heluma, shugaban leburori, yana can yana yi wa mutanensa tsawa. Ya dubi Lado sama da ƙasa. "Wa ya aiko ka?"

"Babban wurin."

"Ba na ɗaukar kowa sai da yardar jakadan hakimi."

"Har da hakimi a nan?"

"Ina ne ba hakimi?"

Lado ya gyaɗa kai, ya ce lallai wuri ya tsaru. Ya sami jakada kishingiɗe a inuwar ɗorawa, ya rufe fuska da hula. Ya yi sallama har makogwaronsa ya bushe kafin hular ta ɗan ɗaga.

Jakada ya ce, "Daga ina?"

"Daga duniya, ranka... mutuwarka ta daɗe."

"Duniya? Ƙasar wane dagaci ce? Ba ta cikin gundumarmu. Koma wurin heluma ya haɗa ka da wanda ya san ka."

Ya koma wurin heluma, heluma ya ce wanda zai haɗa shi da shi ya tafi ɗebo ruwa, ya tambayi Malam Lawal. Malam Lawal ya ce shi allura ya sani, ba ɗaukar ma'aikata ba. Lado ya dawo gindin ɗorawa yana haki, likkafani ya jiƙe da gumi. Jakada ko hular bai ɗaga ba.

"Je ka dawo gobe."

Lado ya yi turus. "Gobe? Har nan ma akwai gobe? Ai malamai cewa suka yi nan ce goben!"

Jakada ya ci gaba da minsharinsa.

Sai aka ji ihu daga bakin lungu. Wata saniya ta harbi mai tsaron ƙofa a ƙauri, an janye shi gefe. Malam Lawal ya waiga ya ga Lado tsaye ba aikin fari.

"Kai mai farin zane! Zo riƙe ƙofar nan! Wadda ka ga an tsaga mata kunne an gama da ita, ka buɗe mata dama. Wadda ba a tsaga wa ba, hagu, ta jira. Ka gane?"

Lado ya ji kamar an zuba masa zuma a ka. Dama da hagu! Wane yaro ne bai san ma'anar dama da hagu a wannan wuri ba? Ya kama ƙyauren, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku shaida! An naɗa ni Sarkin Ƙofa! Hamma, yi mini kirari!"

Hamma ya tsuguna bayan amalanke yana riƙe ciki.

Saniya ta farko ta fito, ja, an tsaga mata kunne. Lado ya ƙura mata ido. "Ke! Na gane ki. Ba ke kika cinye mini gero bara ba? Kin ɗauka an manta? Hagu!"

Ta biyu tsohuwa ce ramammiya, ba a taɓa kunnenta ba. Ya dube ta, tausayi ya kama shi. "Baiwar Allah, kin sha wuya a duniya. Dama, ki huta."

Ta uku ya ce idonta na munafukai ne. Ta huɗu ya tambaye ta ko ta taɓa zubar da ƙwaryar tatsa, da ta yi kuka ya ce ta amsa laifinta. Wani maraƙi ya bi uwarsa, ya tare shi da ƙafa ya ce yau kowa ta kansa yake yi.

Makiyaya suka taso. Wani dattijo ya ɗaga sanda. "Kai! Saniyata an yi mata, me ya sa ka mai da ita cikin masu jira?"

"Baffa, yau ba ceto. Ka ji da naka, layinku na zuwa."

Wata tsohuwa mai tallan nono, Inno, ta matso da ƙwarya a ka. "Ɗan nan, ka sakar mini karsanata, ita kaɗai gare ni."

Lado ya haɗe rai. "Inno, nan ba duniya ba ce. Ba ma karɓar gaisuwa." Ya leƙa ƙwaryar. "Kindirmo ne? To, ajiye can bayan dirka, a duba lamarinki."

Yana tsakiyar shari'ar wani bijimi baƙi mai ƙaho kamar reshen gawo, sai ga ayari ya ɓullo. Dagaci Daudu ne a kan doki, ga Liman, ga Kawu, ga Dela, ga rabin gari a baya. Sawun Lado suka gano ya ƙare a gindin tsamiya, suka bi sawun amalanke tun da gari ya waye.

Lado ya saki baki. "Innalillahi! Duk garin? Annoba aka yi bayana?" Sai kuma ya ga wanda ke kan doki, ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji.

"Daudu!"

Jama'a suka ɗauke numfashi. Tun da aka naɗa dagaci ba wanda ya taɓa kiran sunansa gatsau.

"Daudu, sauko! Nan ba rawani, ba doki. Dokin ma layinsa daban. Bi bayan waccan saniya mai zawo. Me ke tafe da kai?"

Dagaci ya ce, "Kai muke nema, Lado."

"Sarkin Ƙofa za ka ce. Kuma yau ba ni da sukuni. Je ka dawo gobe!"

Ya juya ga Liman. "Allah gafarta Malam, duk karatun da ka yi mana, ko sau ɗaya ba ka ce akwai heluma ba. Ga jakada can yana barci, shi ma ba ka faɗa ba. Da ka sanar da mu ai da mun taho da shiri."

Liman ya ce, "Lado, ka ji tsoron Allah, ka yi istigfari."

"An rufe wannan ofishin, Malam. Kai kuma Kawu, ba sai an duba ka ba, kai ka kashe ni. Hagu!"

Kawu ya ce, "Kurɓa nawa na ce maka?"

"Ka faɗa wa jakada."

Sai idonsa ya faɗa kan Dela. Murya ta yi laushi. "Dela, ke ma? Baƙin cikin rashina ne ko? Ai na sani ba za ki kai labari ba. Kada ki damu, kina da mutum a sama. Duk da kin bari an binne ni, zan sa baki."

Dela ta ja mayafi ta rufe fuska. "Malam, ba abin da zai kashe ni sai kunyarka. Sauko mu tafi gida."

"Gida? Ji mace! Ni da na sami aiki?"

Don ya nuna mata girman aikin, ya hau kan gungume, ya buɗe ƙyauren dama da hannu ɗaya, na hagu da ɗaya, ya ware hannuwa. Likkafani ya buɗe yana kaɗawa a iska, daidai hancin bijimin nan baƙi da aka bari tsaye ana masa shari'a. Bijimi ya yi huci, ya sunkuyar da kai, ya taso.

Ƙaho ya shiga alawayyo ya fita ta ɗaya gefen. Lado ya yi juyi kamar mazari, zane yana warwarewa, har ya rage daga shi sai ɗan bante. Bijimi ya yi gaba da likkafani a ka kamar tuta, garke duka ya rufa masa baya. Na dama suka shige hagu, na hagu suka shige dama. Teburin Malam Lawal ya tashi sama, heluma ya ɗare bishiya da usur a baki yana busawa, dokin dagaci ya yi tsaye da ƙafa biyu. Shanu suka bi ta gindin ɗorawa, jakada ya farka a guje, hula a gabas shi a yamma. Inno ta dafe ƙwaryarta tana kiran sunan karsanarta.

Shi kuwa Sarkin Ƙofa, wata saniya ce ta ɗebe shi ta baya, ta aje shi tsamo-tsamo cikin kwamin shayar da shanu.

Ruwan sanyi ya ratsa shi. Ya ɗago kai yana furzar da ruwa. "Wayyo ƙuguna! Wayyo Allah ƙuguna!"

Kawu ya tsaya a kansa. "Ashe mamaci yana ciwon ƙugu?"

Lado ya share ruwa daga fuskarsa. Ya ƙifta ido, ya duba nesa, ya nuna da yatsa. "Wancan ba dutsen da ke hanyar Kazaure ba ne?"

Hamma ya ce, "Shi ne."

"Shi ma ya rasu?"

Dariya ta ɓarke, har makiyayan da ke bin shanu suka tsaya suna dafa sanduna. Lado ya dubi Hamma, ya dubi amalanke, ya dubi Dela. Sannan a hankali ya juyo ga dagaci, wanda ya sauko daga doki yana tsaye yana kallonsa. Daga cikin kwamin ya durƙusa, ruwa har wuya.

"Ranka ya daɗe."

Dagaci ya ce, "Au, an dawo da ran nawa?"

Malam Lawal ya iso yana tsintar tabarau, ya ce aikin safiya duka ya lalace, sai an kama kowace saniya an duba kunnenta. Dagaci ya ce, "Ga mai ƙofa nan, shi zai duba." Haka Lado ya wuni yana bin shanu yana leƙen kunnuwa, wannan ta harbe shi, waccan ta watsa masa kashi, Hamma yana biye yana yi masa kirarin da ya nema ɗazu.

Da ya dawo gari, bai sami mai ce masa Lado ba. Daga bakin kasuwa har ƙofar gidansa sai, "Marigayi, sannu da hanya!" "Marigayi, ya mutanen can?" Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Marigayi, ka ga mijina? Ya sami aiki shi ma, ko yana jiran heluma?"

Ya shige gida yana ɗingishi, ya zube a tabarma, ya ce, "Dela, yunwa. Kawo tuwo."

Dela tana zaune a ƙofar ɗaki, ta lulluɓe da mayafi. Ta ce, "Ban ɗora ba. Takaba nake."

"Takabar wa?"

"Ta mijina. Ya rasu jiya da la'asar, duk gari an shaida."

"To, ni wane ne?"

"Kai ka sani. In yunwa kake ji, ga ragowar gumbar da maƙwabta suka daka ta sadakarsa can a ƙwarya. Ka ci, ka yi masa addu'a."

Lado ya dubi ƙwarya, ya dubi kawunan da suka jeru a kan katanga suna jira. Ya jawo ta, ya gutsura, ya tauna. Ya ƙara gutsura. Sannan ya ɗaga dunƙulen gumba sama, ya gyara zama.

"Ku shaida, jama'a! Duk ƙasar Kazaure, a kawo mini mutum ɗaya da ya taɓa cin gumbar mutuwarsa da bakinsa, in ba ni ba!"